Blu-ray a kwali, hazo a talabijin

Haba jama'a! Sai yaushe masu sayar da faifan fim za su daina raina mana hankali? Jiya na bi ta kasuwar Wunti a Bauchi na sayi faifai, kwalin sai sheƙi yake, an rangaɗa masa Blu-ray da manyan baƙaƙe, wato irin faifan nan mai hoto tangaran da ake ce wa HD. Yaron shagon har da rantsuwa: "Wallahi Yallaɓai, garau yake."

Ina zuwa gida na saka, sai na ga DVD ne aka cusa wa fim takwas. Fuskoki duk sun dame kamar an shafa musu koko, inda dare ya yi kuwa baƙi ƙirin. Can sai ga inuwar kan mutum ta gifta. Ashe a sinima aka ɗauko shi da kyamara! Alhali fim ɗin nan na kalle shi a faifai na asali a gidan abokina, har zufar goshin jarumin kana gani ɗigo-ɗigo.

DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, Blu-ray na gaske 25 ko 50. To don Allah, ta yaya za a cusa fim takwas a DVD ɗaya a ce mini HD ne?

Da safe na mayar. Wai ba a mayar da kuɗi, sai dai in zaɓi wani a cikin irinsu.