Uwa biyu, gawa biyu: inda Kirista da mabiyin Buda suka raba hanya

A gidan hayarmu a unguwar Mamobi ta birnin Akra, bango ɗaya ne tsakanina da wani tela da ya bar cocin iyayensa ya shiga addinin Buda. Safe da yamma za ka ji shi yana nanata wuridinsu, Nam-myoho-renge-kyo, kamar ƙudan zuma sun shiga tulu. Ranar farko 'yar autata ta ja mini riga ta ce, "Baba, wannan wace irin coci ce?" Matarsa kuwa, wadda Lahadi ba ta wuce ta a cocin Fentikos, ta taɓa ce wa maiɗakina, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, kowa Allah yake nema."

Na san zaman aurenta take karewa, amma ban yarda da maganar ba.

A fannin hali, gaskiya sun yi kama. Mabiyin Buda yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba maye. Huɗun farko Kirista zai same su a Dokoki Goma. Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma inda za ka gane haka shi ne a gaban gawa.

Mabiya Buda suna da labarin wata mata, Kisa Gotami, da ɗanta tilo ya mutu. Ta rungumi gawar tana bin gari neman magani, har aka tura ta wurin Buda. Bai ce mata yaron ya mutu ba. Cewa ya yi ta samo masa ƙwayar mastad, amma daga gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Ta bi ƙofa-ƙofa. Kowane gida akwai mastad, kowane gida kuma an taɓa fitar da gawa. Kafin rana ta faɗi ta gane, ta je ta sallami ɗanta, ta dawo ta zama almajirarsa.

A Linjilar Luka, babi na 7, ga wata uwar, gwauruwa, a ƙofar garin Nayin, ana ɗauke da ɗanta tilo. Yesu ya ce mata kada ta yi kuka, ya taɓa makarar, ya ce saurayin ya tashi, ya miƙa mata abinta. Mu ma Musulmi mun yi imani Annabi Isa ya rayar da matattu da izinin Allah, don haka wannan bai zo mana baƙo ba.

Ɗaya ya gyara zuciyar uwar, ɗaya ya dawo da yaron. Duk sauran bambancin daga nan ya tsiro. A wajen Kirista mutuwa abokiyar gaba ce da zunubi ya jawo, kuma mutum ba ya iya fitar da kansa, sai Allah ya miƙo hannu ta mutuwar Almasihu da tashinsa. Shi kuwa Buda, wato Siddhartha Gautama, ɗan sarautar da aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau ƙarnuka kafin Almasihu, bai kafa koyarwarsa a kan Mahalicci ba. Ya ce rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne da riƙo, ana iya kashe wutar, hanyar kuma matakai takwas ce. Ya ma musanta cewa akwai wani rai dawwamamme a cikin mutum. Aikinka ne ke jan sabuwar haihuwa, har ranar da zaren ya tsinke, abin da suke kira nibbana. Kirista na fatan rayuwar da ba ta ƙarewa. Shi kuwa mabiyin Buda, a daina dawowa yake nema. Ta ina za a ce duk ɗaya ne?

Abin dariyar shi ne Akra ta rina su da shuni ɗaya. Ƙidayar 2021 ta ce Kiristoci kashi 71.3 ne cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi 19.9. 'Yan Buda ba su da yawa, kuma waɗanda suka fi fitowa fili mabiya Nichiren ne, malamin Japan da ya rasu a 1282, wasu a ƙungiyar Soka Gakkai, wasu a Nichiren Shoshu mai haikali a nan birnin. Na taɓa tambayar maƙwabcina me yake roƙo in yana wuridin nan. Ya ce ciniki, da kuɗin makarantar yara. To ai shi ne abin da mai wa'azin cikin motar haya, trotro, ke yi wa fasinja alkawari daga Nima zuwa Circle, har da biza. Ban ga laifinsu ba, talauci ba ya tambayar aƙida, mu ma layin ƙofar malaman zango ba gajere ba ne. Amma wanda ya tsaya a nan zai ɗauka addinan biyu shago ɗaya ne mai ƙofa biyu.

Mu 'yan zango kuma namu kuskuren daban ne: mu zuba kowa a buhu ɗaya mu ce masu gunki. Na leƙa ɗakin telan, babu mutum-mutumi ko ɗaya, wata rubutacciyar takarda ce rataye a cikin ƙaramin akwati, da kofin ruwa da ganye. Ganin haka bai kusantar da ni ga addininsa ba, ya dai hana ni yi masa ƙarya. Da Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Istar 2019, yana cika shekara 100, bai je don ya ce duk ɗaya ne ba. Da rawaninsa ya shiga, da shi ya fito.

Bara mahaifiyar telan ta rasu, muka je gaisuwa. Matarsa, cikin baƙi da ja, tana waƙa tana cewa za su sake haɗuwa da tsohuwa a gaban Ubangiji. Shi yana gefe a kujerar roba, carbinsa tsakanin tafukansa, leɓɓansa na motsi. Da na ce masa Allah ya ba da haƙuri, sai ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Na gode, Alhaji."