Zuciyar alade da kunun kanwa

Jiya da daddare wani ya sake jefo tsohon labarin nan a zaurenmu na WhatsApp, wai an dasa wa mutum zuciyar alade a Amurka. Kafin in shanye shayin da ke hannuna zaure ya kaure. Masu fatawa na yi, masu Allah wadai na yi, wani har da rantsuwa gara a kai shi kushewa da a saka masa. Labarin dai gaskiya ne. A watan Janairun 2022 aka yi aikin a Jami'ar Maryland, mutumin, David Bennett, ya yi wata biyu ya mutu, kuma cikin jagororin aikin akwai Musulmi haifaffen Pakistan, Dakta Muhammad Mohiuddin. Hukuncinsa na bar wa malamai. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin masu kumfar bakin nan na san mutum huɗu masu hawan jini da suka ajiye magani tun ranar da ciwon kai ya lafa. Jama'a, ko zuciyar akuya babu wanda zai zo Garwa, nan arewacin Kamaru, ya dasa mana. Namu ciwon daban, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Bara matar ƙanena ta yi haihuwa ta uku. Sati biyu bayan suna ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Tari ya hana ta barci. Ba ta iya kwanciya sai an jera mata matashi uku, daga baya ma a zaune take kwana, ta jingina da bango. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta tsaya ta huta sau biyu. Goggo ta dube ta ta ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba, a ƙaro itace a ƙara kanwa a kunu. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri mu kai ta a duba, wannan numfashin bai yi mini ba." Ta ce, "Kai dai da bokonka. Da ruwan nan aka gasa uwarka da aka haife ka, ga ka nan ka girma kana koya mana jego." Sai da ƙanena ya sa baki aka yarda.

Kwana biyu muna zarya kafin mu samu mai ɗaukar hoton zuciya. Na tsaya a bayan likitan ina kallon allon. Zuciyar ta buɗe ta saki, tana matsawa da ƙyar kamar tsohuwar salka. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, sannan ya ce da mu, ciwon zuciya ne da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego.

Da na koma gida na shiga karatu, sai na tarar ashe ciwon nan kusan ɗan gidanmu ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda yake yawa a cikin matan Hausawa, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa. Shekara da shekaru haka ake karantarwa. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka bi mata ɗaruruwa a asibitocin Najeriya suna rubutawa. A yankin Kano sun samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Amma abin da ya fi fitowa fili a lissafinsu shi ne talauci, da rama, da rashin karatu, da hawan jinin da ke zuwa da ciki, ba wankan ba. Sun kuma lura da ƙarancin wani sinadari, siliniyam, a jinin masu ciwon da yawa, har suka yi ɗan gwajin ba da shi aka ga alamar sauƙi. Gwajin ƙarami ne, don Allah kada wani ya ruga kasuwa neman siliniyam ya ce ni na aike shi.

To ka ga Goggo ba ta yi laifin da na so in ɗora mata ba, amma ba ta kuɓuta duka ba, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, kuma zuciyar da ta gaza ba a ƙara mata gishiri, ruwa ne zai taru a huhu. Ni ma da bokona ban san wannan bambancin ba. Wanda ya zauna ya ƙirga mata ɗaya bayan ɗaya shi ya raba mana gardama.

Nan ne ra'ayina yake, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Ya kamata mu da kanmu mu nemi a zo arewacin Kamaru a yi binciken magungunan zuciya a jikinmu, maimakon mu riƙa gudu da zarar an ce gwaji.

Na san me za ku ce. Za ku ce Kano, 1996. Ban manta ba. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, goma sha ɗaya suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfani ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Mu ma nan gida an yi namu, a 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin kariya daga ƙanjamau da ake yi da mata a Duwala, bayan an yi ta ƙorafi a kan bayanin da aka yi musu da kulawar da za su samu in sun kamu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba na ganin wautar kowa.

Sai dai ku dubi abin da muke yi da ranar Allah. Mai magani ya tsaya a bakin kasuwa da lasifika, kwalba ɗaya wai tana wanke jini, tana narkar da kitsen zuciya, tana maganin basir da sanyin mara. Mu miƙa kuɗinmu mu ɗaga mu shanye. Babu wanda ya auna abin da ke ciki, babu mai bibiyar wanda ƙodarsa ta lalace bayan wata shida. In wannan ba gwaji ba ne, mene ne? Bambancinsa da na likitoci shi ne a nan babu mai rubutawa, kuma mu muke biya.

Gwaji na gaskiya ga yadda yake. A tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ko uku da ƙuri'a, ba likita ne zai zaɓi wanda ya ga dama ba. Waɗannan a ba su sabon magani, waɗancan a ba su wanda aka saba. A bi su wata da watanni ana awo, sannan a ƙirga wa ya samu sauƙi, wa ya kwanta asibiti, wa ya mutu. Ƙuri'ar ita ce gishirin abin, domin ita ke hana son rai shiga. "Maƙwabcina ya sha ya warke" ba hujja ba ce, wanda ya sha ya mutu ai ba ya dawowa ya ba da labari.

Kuma in an yi shi a jikinmu amsar takan fito daban. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken CREOLE wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, mutum 728 baƙar fata masu hawan jini a ƙasashen Afirka shida, har da Kamaru. An gwada haɗin magunguna iri uku, sai aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Amlodifin ɗin nan da ke kowane kantin magani, mai araha. Kafin nan likita a nan yana rubuta haɗin ne bisa abin da aka gani galibi a jikin Turawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2022, a kan ciwon zuciyar da ke farawa daga ciwon maƙogwaron yara. Yaro ya yi ciwon wuya, a ce beli ne a kai shi gun wanzami, ƙwayar cutar ta wuce ba a kashe ta ba, bayan shekaru ƙofofin zuciyarsa su lalace. A Turai ciwon ya kusa zama tarihi, a nan yana cin samari da 'yan mata. Akwai sabon maganin hana gudajin jini, ribaroksaban, wanda ya karɓu sosai a ƙasashen masu kuɗi don ba ya bukatar yawan awon jini. Kowa ya ɗauka zai yi daidai ga masu wannan ciwon da bugun zuciyarsu ya rikice. Aka gwada shi da tsohon magani warfarin a mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24. Tsohon ya yi nasara, masu shan sa sun fi tsira da rai. Da ba a gwada ba, da yanzu ana sayar mana da mai tsadar muna godiya. Gaskiyar Bahaushe, sai an gwada akan san na ƙwarai. Matsalar warfarin kuma tana nan, dole a riƙa auna jini a kai a kai, wanda ke wani ƙauye bayan Gidar ko Fitowa kuwa kowane awo kuɗin mota ne da yinin gona. Wannan ma tambaya ce da sai a nan za a iya amsa ta.

A Yuganda kuma sun bi 'yan makaranta da na'urar hoton zuciya, waɗanda aka ga ciwon ya fara musu a ɓoye aka riƙa yi wa rabinsu allurar fenisilin duk sati huɗu. Bayan shekara biyu, cikin masu allura ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba wanda ciwonsa ya ƙaru, cikin marasa allura kuwa kusan takwas cikin ɗari. Fenisilin fa, maganin zamanin kakanninmu.

Ba na ƙin sababbin magungunan. Dafaglifulozin da aka yi don ciwon suga, a 2019 aka tabbatar yana taimakon masu gazawar zuciya, kuma ina fatan ya yi araha har ya iso mu. Amma manyan gwaje-gwajen irin wannan baƙar fata kaɗan ne a cikinsu, mutanen Sahel kuwa sai dai a yi shiru. Ko a cikin Kamaru, in an ce an yi bincike, ka duba za ka ga Duwala ce ko Yawunde. Cibiyar tiyatar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009 tana can Kumbo, yankin da rikici ya hana mutane zuwa cikin kwanciyar hankali. Mu da ke nan, in abu ya yi tsanani, sai mota zuwa Ngawundare, a kwana a jirgin ƙasa, a wayi gari a Yawunde da marar lafiyar da ba ya iya kwanciya. Abincinmu ba irin nasu ba ne, ga kanwa ga busasshen kifi ga dunƙulen magi a kowace tukunya. Zafin watan Afrilu a Garwa ba irin na kowa ba ne, kuma in azumi ya faɗo a cikinsa haka mai shan maganin fitar da ruwa zai yi shi. Wa ya taɓa zama ya auna mana wannan?

In sun zo, ba hannu biyu za mu tarbe su ido rufe ba. Tun 2022 Kamaru tana da dokar binciken lafiya a jikin ɗan Adam, akwai kuma kwamitin da ke duba kowane bincike kafin a fara, sai mu riƙe su da ita. Takardar yarda da Faransanci shafi goma, a ce tsohuwa ta dangwala yatsa, wannan ba yarda ba ce. A karanta mata da Hausa ko Fulatanci, a gaban ɗanta ko wanda ta amince da shi, a gaya mata tana iya fita ranar da ta so ba tare da an hana ta magani ba. A faɗi wanda zai biya in abu ya ɓaci. Wanda ya fi ci mini rai kuma, in maganin ya yi aiki, kada a naɗe tabarma a tafi da shi inda za a sayar da tsada a bar waɗanda suka ba da jininsu da kallon kwali. Likitocinmu 'yan arewa su kasance cikin masu riƙe da alƙalamin, ba masu ɗibar jini kawai ba.

Matar ƙanena tana nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Tana shan ƙwayoyinta, kumburin ya saɓe, Goggo da kanta take hana a sa mata kanwa yanzu, ko da yake har gobe ba ta yarda ni na fi ta gaskiya ba. Likita ya ce wani cikin yana da haɗari in zuciyar ba ta koma daidai ba, maganar da har yau ba a san yadda za a yi da ita a gidan ba. Da na tambaye shi mata nawa yake gani da irin wannan a shekara, sai ya yi murmushi ya ce suna da yawa. Duk abin da aka auna a jikinta yana cikin ɗan littafin asibitinta, wanda muke ce wa karne, a ƙunshe cikin leda a ƙarƙashin katifa.