Cocin laka a Amurka da katangar gidanmu

A jihar Niyu Meksiko ta Amurka akwai wani ɗan ƙauye, Ranchos de Taos. A tsakiyarsa akwai cocin San Francisco de Asís, ginin laka zalla. An fara shi wajajen 1772, aka gama wajajen 1816. Idan ka ga hotonsa ta baya, da manyan ginshiƙan da suka tokare bangon, sai ka rantse wani tsohon masallaci ne a ƙasar Hausa.

Abin da ya ja hankalina shi ne kuskuren da suka yi, domin irin namu ne sak. A 1967 aka ce an gaji da wahalar yaɓe, aka lulluɓe ginin da siminti. Da farko ya yi kyau. Amma laka tana numfashi, siminti ba ya yi. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin tubali daga ciki. A 1979 dole aka ɓamɓare simintin, aka gyara inda ya ruɓe, aka koma yadda kakanni suke yi. Tun daga nan, duk watan Yuni mutanen ƙauyen suke fitowa gayya. Ana kwaɓa ƙasa da ruwa da ciyawa, wasu na tura baro, wasu na kan tsani suna shafawa da tafin hannu, sannan a bi da fatar tunkiya a goge har bango ya yi sumul. A al'adarsu ta da, mata ne gwanayen wannan aiki.

Na san wannan ciwon. Katangar zauren gidanmu haka aka yi mata. Wani ɗan uwa ya samu kuɗi, ya ce zai "raya" gidan, ya kawo buhunan siminti. Tsohon maginin unguwarmu ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya ce, "Alhaji, ka sa mata rigar da za ta kashe ta." Aka yi masa dariya. Bayan 'yan damina, aka wayi gari ɓawon simintin na tsaye, ƙasar da ke bayansa ta zube kamar kunu.

Amurka tana da dokar kare gine-ginen tarihi tun 1966, bayan rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn a Niyu Yok ya tayar da hankalin jama'a. An sa cocin nan cikin manyan wuraren tarihin ƙasa a 1970. Ku lura da shekarar: a lokacin da aka karrama shi, yana cikin siminti yana ruɓewa. Takarda ba ta tsare shi ba. Masu ibada a cikinsa ne suka tsare shi.

Kusa da ƙauyen cocin akwai Taos Pueblo, gidajen laka masu hawa-hawa na 'yan asalin ƙasar, waɗanda Unesko, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 1992. Har yau akwai masu kwana a ciki, ba lantarki ba famfo, bisa zaɓinsu.

Mu kuwa muna kukan badalar Kano ta zama ta masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye, muna jiran gwamnati. A unguwarmu, tun da tsohon maginin nan ya rasu, ban san wanda ya iya haɗa makuba, yaɓen gargajiya mai kare bango daga ruwa, ba.