Kafin Motar Kaya Ta Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Nasiha ce ga ƙannenmu masu ƙananan iyali waɗanda aiki ko kasuwa ko karatu ke ɗaukewa daga garin da suka saba. Wani an yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, wani zai bar Zariya ya koma Legas, wata kuma mijinta ne ya samu abin yi a Yamai za ta bi shi da goyo. Tashi ba laifi ba ne. Allah da kanSa Ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 56, ƙasarSa mai yalwa ce. Yadda ake tashin ne yake damuna.

Yanzu sai maƙwabta su ji kukan mota da asuba, kafin a fito daga masallaci an loda gado da katifa, an garƙame gida, an miƙa wa dillali makulli. In aka tambaya, wai gudun baki ake yi. To, ɓoye shiri kafin ya nuna babu wanda ya hana. Amma 'yar'uwa, matar da ta riƙe miki jariri ranar da aka kwantar da ke, ta yi ta dama miki kunun kanwa har kika yi arba'in, yau ita ce bakinta zai kama ki? Sai dai ta ji labarin tashinki wurin mai garuwa?

In akwai wanda yake da hujjar fita a ɓoye, Manzon Allah ne (SAW) a shekarar 622, lokacin da Ƙuraishawa suka kewaye gidansa da takubba. Ya fita a ɓoye kuwa. Sai dai mutanen nan da ke neman ransa, a wurinsa da yawansu suke ajiye kayansu masu daraja, don sun san ba ya cin amana. Bai ce ai su suka kore ni, kayansu ya zama halal ba. Ya bar Sayyadina Aliyu a Makka, ya kwana a shimfiɗarsa, sannan ya tsaya kwana uku yana bi yana mayar wa kowa ajiyarsa kafin ya biyo shi. Da maƙiya ke nan aka yi haka. Kai kuwa da ba wanda ya kore ka, ƙarin girma ma aka yi maka a ofis, me zai sa ka fita da haƙƙin mutane a wuyanka?

Kada ka ce ai ba a ba ka ajiyar zinariya ba. Je wurin mai shagon bakin layi ka ce ya buɗe littafin nan mai murfi da ya sha maiƙo. Akwai shafin da aka rubuta sunanka a sama: madara gwangwani biyu, sukari, taliya, ƙwai rabin kiret da aka aiko yaro ya karɓa daren da baƙi suka sauka. Kai ka manta, shi bai manta ba, kunya ce ta hana shi yi maka magana. Akwai kuɗin watan Islamiyya da malamin yara bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba. Akwai kuɗin wuta da ka bari ya taru a kan gidan, wanda sai sabon ɗan haya ya tare da amaryarsa masu wuta za su zo da tsani su yanke, ya biya abin da bai sha ba. Ke kuma uwargida, kin kwashi adashe tun zagayen farko, saura zubi huɗu, kin canza lambar waya kin bar uwar adashe tana rantse-rantse a gaban mata. Turmin maƙwabciya da babbar tukunyar da aka aro tun ranar suna, su ma sun shige cikin kaya, wai an manta. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. In babu halin, a je a faɗa da baki, a sa lokaci, a bar lambar da ke shiga.

Wanda aka fi mantawa shi ne almajirin gida. Yaron da ya yi shekaru yana shara da ɗebo ruwa da kai markaɗe, wanda tuwon darensa a gidanku yake, sai ya zo da robarsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. A sanar da shi tun da wuri, a sallame shi da abin kirki, in da hali a haɗa shi da wani gidan. Wannan ba alfarma ba ce.

Bayan kuɗi sai yafiya, kuma ta fi kuɗin wuya. Zaman tare ba ya rasa saɓani: faɗan yara da ya hau kan manya, ruwan wanki da ya malala ƙofar wani, maganar da aka kai aka kawo. A hadisin Bukhari an umarci duk wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladansa a biya. Rubuta "a yafe ni" a WhatsApp kowa ya gani ba ya wadatarwa ga wanda ka san takamaimai ka ɓata wa. Ka taka ka same shi. Wataƙila wannan ganin shi ne na ƙarshe tsakaninku.

Kewa kuwa, kada wani ya ce muku raunin imani ce. Tirmizi ya ruwaito Manzon Allah (SAW) yana tsaye a Hazwara, wani wuri a cikin Makka, yana cewa da Makka ita ce mafificiyar ƙasar Allah, mafi soyuwa gare Shi, kuma ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Bilal da zazzaɓin Madina ya kwantar da shi, ciyayin kwarin Makka da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil yake ambato. Don haka maigida, in ka ga iyalinka tana share hawaye an wuce Kwanar Ɗangora, kada ka ce mata sai ka ce ƙauye za a kai ki. Uwa ta bari, da 'yan'uwa, da ƙawayen da take shiga gidajensu ba sallama biyu. Kai gobe za ka fita ofis ka yi abokai, ita ce za ta wuni da yara a gidan da ba ta san kowa ba. Da Nana A'isha ta kai wa Annabi (SAW) labarin halin da Bilal da mahaifinta suke ciki, bai yi musu faɗa ba. Addu'a ya yi: Allah Ka sanya mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye. Ku roƙa wa kanku irin wannan a kan garin da za ku, maimakon ku shekara kuna kushe ruwansa da mutanensa.

Ranar tafiya, masu rakiya su ce: "Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika." Mai tafiya ya ce: "Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu." In kun sauka, kafin a fara kwance ɗauri, ku karanta "A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", ku koya wa yaran su ma su faɗa. Washegari maigida ya nemi masallacin unguwa ya gaisa da liman, uwargida ta zuba abinci ta aika gidan dama da na hagu, sannan a kira tsohuwar unguwa a ce an sauka lafiya.