Ku Bar Yaro Ya Faɗa da Bakinsa Kafin Ku Miƙa Masa Alƙalami

'Yan'uwana iyaye masu koyar da 'ya'yanku a gida, akwai wani garaje da muke yi, kuma ni ma na yi shi, shi ya sa bakina bai yi nauyin faɗa ba. Sai mu karanta wa yaro shafi biyu na tarihi, kafin ya haɗiye yawu mun turo masa littafin rubutu: "Maza rubuta abin da ka ji." Ya zauna yana cizon fensir, minti ashirin layi ɗaya, mu kuwa ranmu ya ɓaci mu ce ba ya sauraro. Yana sauraro sarai. Aiki biyu muka ɗora masa lokaci guda: ya tuno labarin ya jera shi daki-daki, sannan ya yi kokawa da haruffa da hannun da bai gama ƙwari ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Hanyar da ta fi ita ce a karanta wa yaro ya maimaita da baki, da kalmominsa. Wadda ta fi shahara da wannan hanya ita ce malamar Ingila Charlotte Mason (1842 zuwa 1923), wadda ta buɗe makarantar horar da malamai a Ambleside a 1892. Tsarinta ba shi da wuya: a karanta sau ɗaya, a rufe littafi, yaro ya ba da labarin. Ba ta neman haka daga yaron da bai kai shekara shida ba, rubutawa kuwa sai ya kai wajen tara ko goma. Ku lura da tazarar. Shekara uku ko huɗu baki ne kaɗai ke aiki. Kuma "sau ɗaya" ɗin nan da gangan ne, domin yaron da ya san za a sake karantawa ba zai kashe kunne a karon farko ba.

Kada wani ya ɗauka wasa ne. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun gwada ɗaliban jami'a. Wasu suka yi ta nanata karatun rubutu ɗaya a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan sau uku suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu nanatawa ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu nanatawa kashi 40. Manya aka gwada, amma duk wanda ya zauna da yaro ya san haka abin yake.

Laifin da ya fi yawa wurinmu shi ne katse magana. Wata rana na karanta wa 'yata, tana shekara takwas, hajjin Mansa Musa na Mali a 1324. Na rufe littafi, ta gyara zama ta fara: "Sarkin ya taho da zinare a kan raƙuma, ya yi ta rabo a Alƙahira har zinaren ya faɗi a kasuwa, da zai koma gida kuma sai da ya ci bashi..." Tana dariyar bashin nan, sai na ce, "A wace shekara ke nan?" Ɗif. Ta sunkuyar da kai ta ce ta manta, kuma sauran labarin ya tafi ke nan. Don lamba huɗu na tsinke mata zare. Tun daga ranar, kafin in fara karatu nakan rubuta sunaye masu wuya da shekara a takarda in ajiye gabanta, ta duba in ta so. Idan ta yi kuskure, sai ta kai aya muke komawa kansa.

Idan lokacin rubutu ya zo, ku fara zama magatakardansu. Yaro ya faɗa, ku rubuta yadda ya faɗa, ba gyara, ku karanta masa ya ji maganarsa a kan takarda. Wannan ba ragwanta ba ce. Ibn Battuta da ya zaga duniya kusan shekara talatin, da baki ya zayyana tafiyarsa, Ibn Juzayy ya rubuta. Marco Polo ma, wani shahararren matafiyi, a kurkukun Genoa ya ba abokin zamansa Rustichello labarin tafiyarsa, Rustichello ne ya riƙe alƙalamin. Daga nan yaro ya rubuta jimlar farko da hannunsa, ku ƙarasa masa. Sannu a hankali ya kai ga rubuta labari guda a mako, sauran kwanakin da baki.

Za ku ga yaron da ke zuba kamar kanya ya kawo muku layi uku. Kada hankalinku ya tashi, hannu ne bai cim ma baki ba tukuna. Kuma don Allah ku ajiye jan biro. In kuka cika shafin da ja, gobe zai zaɓi kalmomin da ya tabbata ya iya rubutawa kawai, ya bar waɗanda labarin ke bukata. Ku tattara kurakuran a gefe, ku yi musu shifta wata rana daban.

Ku kuma ba shi littafi guda na ƙarnuka, kowane ƙarni da shafinsa, ya riƙa sa abin da ya ga dama. 'Yata ta sa Mansa Musa a 1324, bayan watanni ta zo sa fitowar Ibn Battuta daga Tanja a 1325, sai ta ga sun faɗa shafi ɗaya. Ta ɗago kai: "Baba, sun haɗu?" Muka koma littafi tare. Da Ibn Battuta ya isa Mali a 1352, Musa ya riga ya rasu, ɗan'uwansa Mansa Sulaiman ya tarar a kan mulki, kuma har ƙorafin rowarsa ya yi.