Muna rawa da muryarta, amma wa ya taɓa tambayar nawa aka biya ta?

Jama'a, ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo.

Duk bukin da za a yi a Maradi, daga unguwar Zariya har Bagalam, muryar mace ce ke tashi a lasifika. Da ita ƙawayen amarya ke rawa, ita ce a kunnen ɗan kabu-kabu. Ka leƙa shagon tela ana gab da salla, za ka iske mata na miƙa masa salula da hoton wata ƴar fim ko mai tallan atamfa, ana cewa "irin wannan ɗinkin nake so, har da hannun." Amma ranar da aka ce ɗiyar wane ta shiga fim, sai a bi gidansu da zunɗe.

Ban ce kowa ya tura ɗiyarsa Kano ba. Uba yana da ikon ya ce a'a, kuma tsoron da iyaye ke ji ba na banza ba ne. Abin da ke damuna shi ne waɗanda suka riga suka shiga: kowa na maganar tarbiyyarsu, ba mai maganar haƙƙinsu.

Ku tuna da Zalika Souley, Allah ya jiƙanta. An haife ta a 1947, tana cikin matan farko da suka tsaya gaban kyamara a Nijar, ta yi aiki da mai shirya fim Moustapha Alassane tun 1966. Tana cikin fim ɗin Oumarou Ganda da ya ciyo babbar kyautar FESPACO, bukin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Ƙasa ta yi alfahari, ita kuwa ta sha zagi a titi, saboda mutane sun kasa raba halin da ta fito da shi a fim da halinta na gaskiya. Da sinimar ƙasar ta durƙushe, sai da ta kai ga yin aikatau a gidajen mutane a Amurka. Ta rasu a 2021. Duk sanda na tuna labarin nan sai zuciyata ta sosu, domin har yau tsarin da ya bar ta hannu wofi bai sake ba.

Ga yadda ake yi. Yarinya ta shiga situdiyo ta rera waƙa, a ba ta kuɗinta sau ɗaya, shi ke nan. Wata ce za ta hau waƙar a fim tana motsa baki, a san fuskar waccan, a manta da mai muryar. Daga nan waƙar ta faɗa hannun masu tura fina-finai a waya, su zuba wa mutum cike da kati a kan ɗan canji, ko sisi bai komawa gare ta. Yanzu da aka koma YouTube, mai tashar ne ke karɓar kuɗin shekara da shekaru. Fati Nijar, haifaffiyar garin nan, ta yi suna har ana kiranta Gimbiyar Mawaƙa, amma sai da ta ƙetara Kano, kuma bayan ita akwai mata da yawa da muka haddace waƙarsu ba mu san sunansu ba.

Mai tallan kaya ta fi kowa shiga uku. A ɗauke ta hoto yini guda cikin zafin rana, a sallame ta da kuɗin mota ko turmi ɗaya, hoton kuma ya yi ta yawo a Facebook da TikTok yana sayar wa wani haja, har bayan ta yi aure. A Maradin nan da aka yi tarzoma a 2000 kan FIMA, bukin nuna tufafi na mai zanen kaya Alphadi, wa za ta kai wa kuka?

Masu hukunci kuwa ba su da nawa. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood cikin ƴan kwanaki saboda wani bidiyon waƙa. To, ina son in ga irin wannan zafin naman ranar da furodusa ya danne kuɗin yarinya, ko ya ce sai ta same shi a masauki kafin ya sa ta a fim. Addinin da muke kafa hujja da shi, shi ne ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Ƙannena da ke wannan sana'a, kada ku buɗe baki a situdiyo sai an rubuta takarda: nawa ne, wa ke da waƙar, shekara nawa za a yi amfani da hoton. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ku je ku yi rajistar aikinku. Ku kuma iyaye da yayye, in har ta riga ta shiga, wani namiji daga gida ya raka ta ranar sa hannu, ya karanta takardar da idonsa.