Cin gasa daban, iya koyarwa daban

Kun jero tarihin masu horarwa na kulob ɗin iyo, wane ya ci gasa, wance ta wakilci jami'arta, amma ba ku ce uffan ba kan wanda ya iya koyar da babba. Wanda ya fara iyo tun yana yaro da wuya ya san tsoron ruwa na ɗan shekara 40, ga kafaɗa ta ƙage, ga numfashi ba ya kai wa. Ai Sherm Chavoor na Amurka bai taɓa zama gwanin iyo ba, amma shi ya horar da Mark Spitz, mai zinare 7 a iyo a gasar Olympics ta Munich a 1972. Don Allah ku bincika mana, cikin masu horarwa na kulob ɗin wa ke da takardar shaidar ceto da farfaɗo da wanda ya nutse?